Yadda za ka zaɓi ƙaramin murhun gashi na gas ba tare da ka sayo wa kanka ciwon kai ba

Shekarar da muka bar gidan bene muka koma gida mai ɗan fili a nan jihar Ohayo ta Amurka, abu na farko da na saya tun kafin labule shi ne murhun gashi. Bature yana kiran wannan fili da sunan da idan aka juya shi kai tsaye zai zama "bayan gida", don haka bari in ce tsakar gida, kada wani ya ɗauka a makewayi muke gasa nama. Murhun nan yana da kai huɗu, yana sheƙi kamar sabon kwano, kuma kuɗinsa bai kai dala 200 ba. Na yi ta murna na samu garaɓasa. Babbar Sallah ɗaya ya yi mana da mutunci. Da sanyi na biyu ya wuce, na ɗaga murfi sai na tarar tsatsa ta cinye faifan da ke rufe wuta, ta huda ƙasan tukunyar wutar, wato jikin murhun da wuta ke ci a ciki, ɗaya daga cikin bututun wutar ya tsage, harshen wuta yana fita ta gefe. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Hanifa, wannan ai araha ce da ba ta ado." Ban ce komai ba, don gaskiya ta faɗa.

Abin da na koya tun daga lokacin shi ne zan shimfiɗa a nan, daki-daki, ga duk wanda yake son ƙaramin murhu mai amfani da gas ɗin furofen, wanda ake sayarwa a farar tukunya, kuma ba ya son ya zuba kuɗi da yawa.

Da farko, tambayi ko an yarda ka kunna shi

Wannan ne matakin da kowa yake tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo asara. A mafi yawan biranen Amurka dokar kashe gobara ta hana kunna murhu mai buɗaɗɗiyar wuta a barandar gidan bene mai ɗauke da iyalai da yawa, ko kuma kusa da bangon da zai iya kama wuta, ƙasa da ƙafa 10, wato kamar mita 3. Birnin Niyok ya fi kowa tsanani: ba a yarda da babbar tukunyar furofen a baranda ko rufin irin waɗannan gidaje ba sam. 'Yan uwanmu da ke Buronks su sani. Idan haya kake yi, duba takardar yarjejeniyarka, ko ka tambayi mai gida kafin ka je shago.

Idan gidanka ne kai kaɗai, fita ka auna. Kana buƙatar wuri mai daidaitacciyar ƙasa, nesa da bango, ba ƙarƙashin rumfa ko reshen bishiya ba. Gidaje da yawa a nan an lulluɓe bangonsu da roba, kuma na ga bangon maƙwabci da ya narke ya yi laushi kamar alewa saboda ya jingina murhu da shi. Gareji kuwa ka cire shi daga lissafi, ko da ƙofar a buɗe take. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi.

Ƙidaya bakunan da za ka ciyar

Ba ranar Sallah za ka ƙidaya ba, ranar Asabar ta yau da kullum za ka ƙidaya. Kuskurena ke nan: na sayi murhu don taron da ake yi sau biyu a shekara, alhali sauran ranakun kaza ɗaya ce da tsire goma.

Ana auna faɗin ragar gashi da inci murabba'i, kuma a nan masu sayarwa suke da wata dabara. Sukan haɗa babbar raga da 'yar ƙaramar ragar sama, wadda ake ɗumama abinci a kai, su rubuta jimillar da manyan lambobi a kwali. Kai babbar ragar kawai za ka nema. Ƙaramin murhun ɗora-kan-tebur, irin Weber Q1200, ragarsa inci murabba'i 189 ce. Za ta ɗauki tsinken tsire takwas zuwa goma, ko kaza ɗaya da aka fasa aka baje. Ta ishi mata da miji da yaro ɗaya ko biyu. Murhu mai ƙafa da kai biyu yakan ba ka tsakanin 280 zuwa 360, wanda ya isa gida mai mutum biyar ko shida, kuma idan baƙi sun zo sai a gasa zubi biyu. Ai ko mai tsire na bakin hanya ba lokaci ɗaya yake gasa duk namansa ba.

Kai biyu, ba ɗaya ba, ba huɗu ba

A nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Ga irin gashinmu, kai biyu shi ne daidai.

Ka tuna yadda mai tsire yake aiki. Yana da inda garwashi ya yi ja, yana da gefen da wuta ta lafa, yana matsar da nama daga nan zuwa can. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce, gyaɗa ba ta jure wuta. Idan ka bar ta kan harshen wuta minti biyu fiye da ƙima, ta yi baƙi ta yi ɗaci, cikin naman kuma bai nuna ba. Da kai biyu, sai ka kunna ɗaya sosai, ka rage ɗayan ko ka kashe shi. Ka fara a gefen zafi naman ya kama, ka mayar da shi gefen sanyi ka rufe murfi ya ƙarasa nuna a hankali. Cinyar kaza, haƙarƙarin rago, kifi mai kauri, duk haka suke so. Murhu mai kai ɗaya ba ya ba ka wannan zaɓi, sai dai ka yi ta murɗa maɓalli kana tsaye a kansa.

To me ya sa ba huɗu ba? Saboda lissafin kamfani. Idan kuɗin murhu mai kai huɗu ya yi daidai da na mai kai biyu, to an rage wani abu, kuma kaurin ƙarfe ake ragewa. Dala 200 a kan kai biyu ta fi dala 200 a kan kai huɗu ƙarko nesa ba kusa ba. Haka zancen ɗan murhun gefe da ake liƙawa don ɗora tukunya: nawa sau biyu na kunna shi a shekara biyu, sauran lokacin faranti nake ajiyewa a kai.

Akwai kuma lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe, BTU. Mutane suna ɗauka ita ce zafin murhu. A'a, ita ce yawan gas ɗin da yake sha a awa ɗaya. Murhu mai siririn ƙarfe da murfi mara nauyi zai iya shan gas da yawa ya zubar da zafin a iska. Dubi wancan Q1200 ɗin: BTU 8,500 kawai gare shi, amma da yake jikinsa alminiyon zubi ne mai kauri, ragarsa kuma baƙin ƙarfe mai nauyi, yana gasa nama yadda ya kamata. Weber Spirit E-210, mai kai biyu, yana da 26,500 a kan raga mai inci murabba'i 360, wato kusan 74 ga kowane inci. Idan ka raba BTU da faɗin babbar raga ka samu tsakanin 70 da 100, babu matsala. Abin da ya haura haka sosai, kuɗin gas kawai za ka riƙa ƙonawa.

Je shago ka taɓa da hannunka

Ko a intanet za ka saya, fara zuwa Home Depot ko Lowe's ko Walmart, inda suke jera waɗanda aka riga aka haɗa. Ka sa ɗan maganaɗisu a aljihu, irin na jikin firij.

Ɗaga murfin ka sake shi. Mai kyau yana da nauyi, yana sauka ya zauna daram ba tare da rata ba. Wanda ya yi ƙara kamar gwangwani, iska ma za ta ɗaga shi. Kama hannun murhun ka girgiza. Idan ƙafafun suna rawa tun yana sabo, ka san yadda zai zama bayan an ja shi a kan siminti sau ashirin.

Ciro raga ka ji nauyinta a hannu. Iri uku za ka gani. Akwai siririyar waya da aka shafa wa fenti mai ƙyalli, ita ce mafi araha, kuma da zarar shafen ya ɓare tsatsa ta shiga. Akwai baƙin ƙarfe na zubi, mai nauyi, wanda ke riƙe zafi ya bar zane a jikin nama, sai dai yana son a riƙa shafa masa mai. Akwai kuma farin ƙarfe mara tsatsa, wanda idan sandunansa masu kauri ne ya fi kowanne sauƙin kula. A murhu mai sauƙin kuɗi, baƙin ƙarfen zubi nake zaɓa kullum. Ka kuma duba tazarar sandunan, don yankan naman tsire siriri ne, idan ratar ta yi faɗi sai ka riƙa ciyar da wuta.

Yanzu leƙa ƙarƙashin raga. Za ka ga wasu faifan ƙarfe masu siffar rufin ɗaki a kan bututun wuta. Aikinsu su hana kitse ɗiga kan wuta, su kuma baza zafi. Su ne suke fara mutuwa a kowane murhu. Matsa su da yatsa. Idan suna lanƙwashewa kamar murfin gwangwanin madara, shekara ɗaya ko biyu za su yi. Ba laifi ba ne idan ana samun na canji, don haka kafin ka biya, rubuta lambar samfurin a wayarka ka bincika ko ana sayar da faifansa da bututunsa daban. Sanannun sunaye irin su Weber da Char-Broil da Nexgrill ana samun kayan gyaransu cikin sauƙi. Murhun da ba a san asalinsa ba, ranar da abu ɗaya ya lalace, ranar ya zama bola.

Maganaɗisun fa? Farin ƙarfe mara tsatsa iri-iri ne. Mai lamba 304 shi ne mai kyau, maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Mai lamba 430 ya fi araha, maganaɗisu yana manne masa, kuma yana yin tabon tsatsa idan ya sha ruwa da gishirin sanyi. Kusan duk murhu mai araha da kake gani yana sheƙi 430 ne. Ni a wannan farashin na fi yarda da baƙin murfi mai shafen tangaran a kan wannan ƙyallin.

Abu na ƙarshe, jawo tiren kitse. Ya fito cikin sauƙi, ya koma cikin sauƙi. Naman rago kitse gare shi, kuma sau da yawa gobarar murhu daga tsohon kitsen da ya taru take tashi. Tiren da sai an durƙusa an kwance ƙusa kafin a ciro shi, ba wanda zai wanke shi.

Ma'aunin zafin da ke jikin murfi kada ya ruɗe ka, iskar sama yake aunawa. Maɓallin kunnawa ma yakan mutu da wuri a kowane murhu. Ka tabbata dai akwai ramin da ake zura doguwar ashana.

Tukunyar gas

Yawanci ba a haɗa ta da murhu, saboda haka sa ta a lissafi. Babbar farar tukunyar da kowa ya sani tana ɗaukar fam 20, kusan kilo 9. Hanya biyu ake samun gas. Ko ka kai tukunyarka a cika maka, ko ka ba da wadda ta ƙare a ba ka wata cikakkiya daga kejin da ke ƙofar shaguna da gidajen mai. Musayar ta fi sauƙi, amma ka sani manyan kamfanonin musaya fam 15 suke zubawa, ba 20 ba, kuma a rubuce yake a jikin takardar tukunyar. Cikawa ta fi riba. Amfanin musaya ɗaya ne babba: idan tukunyarka ta tsufa. A Amurka tukunya tana da shekara 12 daga ranar da aka buga a wuyanta kafin a sake gwada ta, bayan haka masu cikawa za su ƙi ta. Ka kuma duba abin murɗawa na samanta ya zama mai kusurwa uku, alamar tana da abin hana cikawa fiye da ƙima, wanda aka wajabta tun 2002. Mai ba ka tsohuwar tukunya kyauta mai zagayayyen kai, ka gode masa ka kai ta musaya.

Fam ɗaya na furofen yana ba da BTU kusan 21,500. Ke nan cikakkiyar tukunya tana da kusan 430,000. Murhu mai kai biyu da aka buɗe gaba ɗaya zai yi awa 16 da ita, kuma da yake ba kullum ake buɗewa duka ba, takan wuce haka. Idan kana son sanin abin da ya rage, zuba ruwan ɗumi a gefen tukunyar ka shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ka ji sanyi ya fara, nan gas ya tsaya.

Ƙananan murhun tebur da 'yar koriyar kwalba mai fam 1 suke aiki. Tana da kyau don fita shaƙatawa, amma a gida tsada ce. Sayi tiyon da ke haɗa su da babbar tukunya, a hankali zai biya kansa.

Lokacin saye

Idan ba gaggawa kake ba, jira. Amurkawa suna gashi daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Da zarar hutun ma'aikata na Litinin ɗin farko ta Satumba ya wuce, shaguna suna son su kwashe murhu su jera kayan sanyi, farashi sai ya faɗi. Na hannu ma hanya ce mai kyau: tsohon murhu mai nagarta a Facebook Marketplace, da sabuwar raga da sababbin faifai, ya fi sabo mai araha. Sai dai ka leƙa ƙasan tukunyar wutar da fitila. Huda a nan ba ta gyaruwa.

Ranar farko

Haɗa shi da kanka ko da shago sun ce za su haɗa, don ka san inda kowane ƙusa yake. Kada ka ɗaure ƙusoshin sosai sai ka gama jera komai.

Kafin ka kunna, kaɗa sabulun wanke-wanke da ruwa. Tabbata duk maɓallan murhu a kashe suke, ka buɗe tukunya a hankali, ka shafa kumfar a bakin tukunya da tiyo da duk mahaɗa. Idan ka ga kumfa tana kumbura tana girma, gas na fita. Rufe, ka sake ɗaurewa, ka sake gwadawa. Furofen ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa yana jiran tartsatsi. Warin ruɓaɓɓen ƙwan da kake ji da gangan aka zuba shi don hancinka ya faɗa maka.

Kullum buɗe murfi kafin ka kunna. Idan bai kama ba cikin daƙiƙa biyar, kashe, ka bar murfin a buɗe minti biyar. Wani abokina ya yi ta danna maɓalli murfi a rufe, da ya kama sai da ya rasa gira da rabin gemu, aka yi sati ana tsokanarsa a masallaci.

Wata matsala da ke sa mutane mayar da sabon murhu shago: wuta ta fito 'yar ƙarama, ko ka murɗa har ƙarshe ba ta ƙaruwa. Yawanci ba lalacewa ba ce. Akwai abin tsaro a bakin tiyon da ke rage gas idan ya ji kamar yana zuba, kuma yakan kama idan ka buɗe tukunya da sauri ko maɓallin murhu na buɗe. Kashe komai, cire tiyon, jira minti ɗaya, mayar, buɗe tukunya sannu a hankali, sannan ka kunna. Idan kuma murhu ya daɗe a ajiye ka ga wuta rawaya tana lilo maimakon shuɗiya, duba bututun. Gizo-gizo yana son yin saƙa a ciki.

Bar shi ya ci wuta minti 20 babu komai a kai, man masana'anta ya ƙone. Ya ɗan huce, ka shafe ragar da man gyaɗa. Wajen goge raga ni na daina amfani da burushin waya, don silin wayar yana karyewa ya maƙale a nama, kuma likitoci sun sha ciro shi daga maƙogwaron mutane. Rabin albasa a bakin cokali mai yatsu, a kan raga mai zafi, yana aikin.

Tsinken itace a jiƙa shi a ruwa rabin awa. Ka shafa wa naman yaji kaɗan da mai kafin gashi, sauran yajin sai an sauke. Kada ka kwarara mai a kan wuta yadda mai tsire yake yi da gwangwaninsa, a nan harshen wuta zai tashi ya baƙanta komai. Buroshi ko reshen albasa ya isa. Sayi ɗan ma'aunin da ake sokawa a nama: kaza sai ta kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas, wato 165 a na Amurka, gundumen naman sa ko rago 63, niƙaƙƙen nama 71.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: gas ba gawayi ba ne. Ƙamshin hayaƙin nan na tsiren bakin tasha ba za ka same shi cikakke ba. Abin da kake saya shi ne sauƙi, minti goma wuta ta shirya, ba toka, ba fifita. Idan kewar hayaƙin ta dame ka, naɗe ɓarɓashin itacen gashi a takardar alminiyon, ka huda ta, ka ɗora a kan faifan da ke gefen zafi. Yana kusantowa.

Ga mai son kai shi gida

Mutane da yawa suna sa irin wannan murhu a kwantena zuwa Kano ko Abuja ko Yamai. Zai yi aiki, amma ba kai tsaye ba. Bakin tukunyar Amurka daban yake da na tukunyar kilo 12.5 da muke amfani da ita a gida, don haka regiletan da ya zo da murhun, wato abin da ke bakin tiyo mai daidaita ƙarfin gas, ba zai hau ba. Gas ɗin girkinmu ma gauraye ne na butan da furofen. Abin yi shi ne a kai wa wanda ya san aikin gas ya sa regileta mai ƙaramin ƙarfi, irin na murhun girki, da tiyo mai kyau da maɗauri a kowane baki. Kada a sa mai babban ƙarfi irin na masu tuyar kasuwa, kada kuma a yarda da ɗaurin roba. Tukunyar kanta a bar ta a Amurka, masu jigila ba sa karɓarta. A can gida tsatsa ba ta kai ƙurar hunturu ɓarna ba, ita ce ke toshe ƙananan ramukan bututun wuta, don haka rigar rufe murhu ta zama dole, kuma tukunya ta zauna a inuwa a tsaye, ba a ɗakin girki ba, ba cikin but ɗin mota da rana ba.

Nawa na yanzu mai kai biyu ne, baƙi, ba ya ɗaukar ido. Duk ƙarshen Oktoba nakan ciro raga in shafe ta da mai in naɗe a jarida, in wanke tire, in cire tukunya in bar ta a waje ƙarƙashin 'yar rumfa, in ja masa riga. Faifan rufe wuta na canza sau ɗaya. Bana ya shiga Sallarsa ta shida.